Akwatin intanet na kamfanonin waya: Abin da yake iyawa da inda ƙarfinsa ya tsaya

Duk wanda ya zaga kasuwannin bakin iyaka a 'yan shekarun nan, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har Jibiya, Mai'aduwa da Maigatari, zai lura da wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu da ake ɗorawa a kan kanta ko a rataye a ƙusa. Mutanen Najeriya suna ce masa rauta, a ɓangaren Nijar kuma an fi kiransa boks. Kamfanonin waya ne ke sayar da shi tare da layinsu a ciki, aikinsa kuwa shi ne ya kamo intanet daga turken kamfani ya rarraba wa wayoyin da ke shago ko gida ta hanyar waifai.

A yau ciniki da yawa ya rataya a kan wannan ɗan akwati. Ta cikinsa ake tambayar canjin naira da sefa da safe, a aika hoton kaya ga mai saye da ke Kano ko Damagaram, a ji inda mota ta kwana, a kuma tabbatar da cewa kuɗin da aka ce an turo sun shigo. Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, 'yan kasuwa da dama da ba su yarda da tura kuɗi ta waya ba suka shiga ciki ala tilas, kuma ba su fita ba har yau. Saboda haka ya dace mai shago ya san abin da ya saya, kamar yadda yake sanin buhun da ya ɗinka da hannunsa.

Akwatin ba ya haifar da intanet

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne akwatin nan ba rijiya ba ne, bakin famfo ne. Ruwan daga wani wuri yake zuwa. A cikinsa akwai layi irin na salula, yana magana da turken kamfani mafi kusa, turken kuma yana haɗe da wayoyin ƙarƙashin ƙasa, su kuma suna tafiya har bakin teku inda suke haɗuwa da manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. Ko'ina aka samu tangarɗa a wannan doguwar hanya, akwatin da ke shagonka zai yi shiru, ko da sabo ne fil.

Idan ba a manta ba, a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya da Nijar, wasu bankuna suka kasa biyan bukatun jama'a ta waya. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta take biyowa, abin da ya taɓa su kuwa dole ya taɓa ta. A irin wannan rana babu amfanin kashe akwati da kunnawa sau goma, balle a ɗauke shi a kai wa mai gyara.

Haka nan hukuma na iya rufe hanyar da gangan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, ciki har da Jibiya. Wanda duk harkarsa ke kan layi guda a lokacin ya ji a jikinsa.

Ranar kasuwa

Ƙorafin da aka fi ji daga bakin masu shaguna shi ne akwati yana gudu da asuba, amma da hantsi ya ɗaga ranar kasuwa sai ya koma tafiyar hawainiya, alhali fitilunsa duka suna kunne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa raba wannan ƙarfi suke yi. Garin da mutanensa ba su da yawa ranar Talata, ranar Lahadi a Mai'aduwa ko Illela, ko ranar Alhamis a Maigatari, dubban baƙi ne ke shigo masa, kowa da waya a aljihu. Tuwon da aka tuƙa don mutum goma ne mutum ɗari suka sa wa hannu.

Fitilun da ke gaban akwati ƙarfin muryar turke kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke layi tare da kai. Lambar gudun da aka rubuta a jikin kwali kuwa iyakar abin da na'urar za ta iya ce idan komai ya daidaita, ba alkawari ba ne na abin da za ka samu a tsakiyar kasuwa da azahar. Mai hikima yakan aika manyan hotuna da bidiyon kaya da sassafe ko da dare, ya bar tsakar rana ga saƙonni da harkar kuɗi.

Kwano, bango da zafi

Matsala ta biyu a cikin shagon kanta take. Yawancin rumfunanmu rufin kwano ne, wasu ma kwantena ce aka yanka aka yi ƙofa. Ƙarfe yana tare igiyar rediyo, kuma da ita akwatin ke magana da turke da kuma wayarka. Wanda ya ɓoye akwatinsa a ƙarƙashin teburi, ko a bayan buhunan shinkafa da jarkokin mai don gudun ɓarawo, shi ya toshe wa kansa hanya. Wurin da ya fi dacewa shi ne sama, kusa da taga ko ƙofa, ta ɓangaren da turke yake. Sau da yawa matsar da shi taku biyu ko uku kan canza lamarin gaba ɗaya.

Waifai ɗin ma iri biyu ne. Akwai mai lamba 2.4, wanda ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma a kasuwa cunkoso ya yi masa yawa domin kusan kowane akwati a kansa yake. Akwai mai lamba 5, wanda ya fi gudu amma ba ya nisa. Akwatuna masu araha da yawa na farkon kaɗai suke da shi. Bugu da ƙari, kowane akwati yana da adadin wayoyin da zai ɗauka. Ƙaramin nan na aljihu mai batir galibi bai wuce waya 10 zuwa 16 ba, babban na gida kuma yakan kai 32, amma tun kafin a kai wannan adadi gudu ya riga ya ragu.

Sai kuma zafi. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a watannin Afrilu da Mayu kuwa Maraɗi da Tawa da Sakkwato sukan haura haka a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Akwatin da ya yi zafi yakan rage gudu ko ya mutu ya sake tashi da kansa. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe ƙofofin da yake shan iska. Kada a lulluɓe shi da tsumma, kada a ɗora shi a kan firji ko kusa da janareto, a riƙa kuma kaɗe masa ƙura. Mai batir kuwa idan aka ga cikinsa ya kumbura, a cire batirin nan take, domin yana iya kama wuta.

Wutar lantarki

Babban akwatin gida ba shi da batir a mafi yawan lokuta, da an ɗauke wuta ya mutu. Mutanen Nijar sun ga haka ƙarara a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa kamfanin NIGELEC bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a daidai lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka ɗage takunkumin. Turakun kamfanoni su ma da wuta suke aiki, idan man janareto ya ƙare ko batir ya yi sanyi, turke ya yi shiru.

Abin daɗin shi ne akwatin ba ya cin wuta sosai, bai fi ƙwan lantarki ƙarami ba, kuma akasarinsu da bolt 12 suke aiki. Ƙaramin batir na ajiya ko ɗan faifan sola ya isa ya riƙe shi yini guda. Sai dai a duba lambar da aka rubuta a jikin cajarsa kafin a haɗa shi da komai. Sauya masa caja da duk wadda ta shiga ramin yana cikin abubuwan da suka fi kashe akwatuna, haka ma wutar janareto da ke hawa da sauka.

Akwati mai ƙasa ɗaya

Nan ne matsalar ɗan kasuwar bakin iyaka ta bambanta da ta mutumin Yamai ko Abuja. Kamfani yana sayar da akwati da rahusa ne domin ya san a wurinsa za a riƙa sayen data, shi ya sa yawancinsu a kulle suke, ba sa karɓar layin wani kamfani. Akwatin MTN ko Glo ba zai ɗauki layin Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecom ba. Ko Airtel da ke aiki a ƙasashen biyu, kamfanoni biyu ne a gaban doka, kowanne da lasisinsa, ɗaya a ƙarƙashin hukumar NCC a Najeriya, ɗaya a ƙarƙashin ARCEP a Nijar. Datar da ka saya a ƙasa ɗaya ta wannan ƙasar ce, sai in an faɗa maka akasin haka a rubuce.

Gaskiya ne igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba, kuma akwai masu shaguna a Ƙonni da ke kama layin Najeriya, kamar yadda wasu a Illela ke kama na Nijar. Amma wannan kamu ne na ƙarshen turke, yau ya zo gobe ya ɓace, kuma babu ofishin da za ka kai ƙara a garinku. Akwai masu buɗe kullen akwati a kasuwa, sai dai wanda ya yi haka ya yi sallama da garantin kamfani, wani lokaci kuma na'urar ta lalace a hannun mai buɗewar. Wanda sana'arsa ke kai shi ɓangarorin biyu, gara ya ƙara kuɗi ya sayi akwatin da tun asali ba a kulle ba, ya yi rajistar layi a kowace ƙasa da sunansa.

Maganar rajista ba ta wasa ba ce. Tun Disamba 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a 2024 an toshe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. Layin cikin akwati ma layi ne. Wanda ya sayi akwati na hannu da layin wani a ciki, ranar da aka toshe ba shi da bakin magana.

Data marar iyaka da lambar sirri

A yi hattara da kalmar nan ta "marar iyaka". A mafi yawan tsare-tsare akwai adadin da idan ka cinye shi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Layi bai yanke ba, amma hoto ɗaya sai ya ɗauki mintuna. A tambayi wannan adadi kafin a biya. A kuma san cewa kuɗin data ba a tsaye yake ba, a Janairu 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin Najeriya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100.

Sau da yawa kuma ba kamfani ne ya cinye datar ba. Bidiyo mai kyawun hoto na awa guda yana iya lashe gigabait 1 ko fiye, kuma lambar sirrin da ka bai wa yaron shago da safe, kafin la'asar rabin layin ya san ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane akwati yana da shafin sarrafawa, adireshinsa da lambar shigarsa suna rubuce a takardar da ke manne a ƙasansa. A nan ake canza lambar waifai, a ga wayoyin da ke haɗe, a kori baƙi. A canza har lambar shiga shafin kansa, domin wadda kamfani ya sa sananniya ce. Wayar da ake harkar banki da ita bai kamata ta zauna a waifai ɗin da kowa ke shiga ba. Kada kuma a manta, duk abin da wani ya aikata ta layinka, sunanka ne a rajista.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Wasu manyan 'yan kasuwa sun koma ga Starlink mai kamo intanet daga tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025. Ba ya bukatar turke, amma kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin ƙaramin shago, ya fi cin wuta, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan dame shi. Ga mafi yawan jama'a akwatin kamfani shi ne daidai aljihu, kuma yana aikinsa idan aka san iyakarsa.

Kafin a saya, a gwada layin kamfanin da waya a cikin shagon, ranar kasuwa, da tsakar rana. A tambayi maƙwabci abin da yake gani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A karɓi rasit, a ji tsawon garanti. A ajiye layi na biyu na wani kamfani daban a waya, da 'yar data a ciki, saboda ranar da na farko zai yi shiru.

Mafi muhimmanci, kada kaya su bar shago saboda hoton rasit da mai saye ya nuna a wayarsa yana cewa matsalar layi ce ta hana kuɗin shigowa. Macuta sun san lokacin da layi ke rauni, kuma lokacin suke zaɓa. Idan kuɗi ba su bayyana a asusunka ba, a rubuta cinikin a littafi, kaya su jira, ko a kawo wanda zai tsaya wa mai saye. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.