Bakin Saniya da dutsen da ba a hawa

Mu a Tajaye, in an ce kogi, Maggiya ke faɗo mana a rai. Ta cika da damina, ta ratsa ƙasar Malbaza da ta Ƙonni, rani na tsayawa ta koma rairayi. Ban taɓa jin wanda ya ɗaure kayansa don ya je ganin mafarinta ba. A Indiya kuwa, mabiya addinin Hindu sun mai da mafarin kogi da ƙwanƙolin dutse wuraren ziyarar ibada, kuma irin wahalar da suke sha kafin su kai ita ta sa na tattaro waɗannan.

Kogin Ganga yana da tsawon kilomita 2,525. Reshen da ake ɗauka a matsayin mafarinsa daga ƙarƙashin ƙanƙara yake fitowa a tsaunukan Himalaya, a wani wuri da ake kira Gaumukh, wato "bakin saniya", don an ce ramin ya yi kama da shi. Wurin yana sama da teku da kusan mita 4,000. Dutsen Bagzan namu na Ayar, wanda babu mai tsawonsa a Nijar, mita 2,022 ne, ka ga rabi ke nan. Daga garin Gangotri sai an taka wajen kilomita 18 a ƙasa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙanƙarar tana narkewa, tana ja da baya kowace shekara. Inda kaka ya tsaya ya ɗebi ruwa, jika yau tsakuwa zai tarar, sai ya ƙara gaba. Wanda ya ga tafkin garinsu yana ƙanƙancewa ya san wannan ciwon.

A Yamunotri, kusa da mafarin kogin Yamuna, akwai marmaro mai tafasa a tsakiyar sanyi. Masu ziyara sukan ƙulle shinkafa a ƙyalle su tsoma, ta dahu, su kai gida tsaraba.

Ɗakin bautar Kedarnath yana kan mita 3,583, kuma sai an hau kamar kilomita 16 daga Gaurikund, a ƙafa, ko a bayan alfadari, ko a kujerar da ƙarti huɗu ke ɗauka. Wata shida kawai yake buɗe. In sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe hanya, sai a sauko da abin bautar zuwa garin Ukhimath, a ci gaba da hidima can har bazara. A watan Yuni na 2013 ruwan sama ya haɗu da ɓallewar wani tafki a saman dutse, ambaliya ta share garin, dubban mutane suka halaka a yankin. Ginin ya tsira, domin wani ƙaton dutse da ruwan ya mirgino ya tsaya a bayansa, ya raba ambaliyar biyu. Dutsen yana nan, shi ma yanzu ziyararsa ake yi.

A Badrinath, can ƙuryar arewa, al'ada ce babban mai hidimar ɗakin bauta ya fito daga Kerala, can ƙarshen kudancin ƙasar.

Dutsen Kailash yana Tibet, tsawonsa mita 6,638, kuma ba a san wanda ya taɓa hawa ƙolinsa ba. Akwai waɗanda suka fi shi tsawo da aka hau tuntuni. Shi wannan, girmamawa ce ta hana hawansa. Kewaya shi ake yi, tafiyar kilomita 52, yawanci kwana uku. Addinai huɗu ne ke girmama shi, kuma manyan koguna huɗu, har da Indus da Brahmaputra, daga kewayensa suke farawa. Nan na tuna Dala ta Kano, inda tarihi ya ce Barbushe kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, sau ɗaya a shekara. Na tuna kuma Massalata, nan kusa da Birnin Ƙonni, inda har yau arna ke taruwa shekara-shekara don arwa, su faɗi yadda damina za ta kasance. Musulunci ya raba mafi yawanmu da wannan, amma kakanninmu ma sun san wurin da ba kowa ke takawa ba.

A kogon Amarnath na Kashmir, ruwan da ke ɗigowa daga sama shi ke daskarewa ya zama ginshiƙin ƙanƙara, shi ake zuwa gani. Mafi yawan masu dawakin da ke kai mutane sama, da masu ɗaukar tsofaffi a kafaɗa, Musulmin yankin ne, da wannan suke ci da iyalinsu.

A watan damina, miliyoyin mutane, galibi samari, sukan ɗebo ruwan Ganga a Haridwar, su rataya tuluna a sanda bisa kafaɗa, kamar ƴan ga-ruwa, su taka zuwa garuruwansu, wasu ɗaruruwan kilomita. Ba a yarda tulun ya taɓa ƙasa, ko hutawa za a yi sai an rataye shi. Tsohon da ƙafa ta gaza kuwa, tun 2016 gidan wayar Indiya ke sayar da ruwan Gangotri a kwalba, har a kai masa ƙofar gida.