Kafin Ka Ce A Yi Wa Wayarka Filashin

A shagunan gyaran waya na Kakuri da Sabon Tasha a Kaduna ana yawan ganin mutum ya shigo rai a ɓace, ya ce Chrome ta ƙi buɗe komai, a yi wa wayar filashin. Filashin kuwa yakan share waya tas, har hotunan biki da lambobin 'yan uwa. Alhali sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Hanya ce ta tsinke a wani wuri tsakaninta da shafin da ake nema, sai dai a bi sawu a gano wurin.

Fara da aljihunka. Danna *323#, lambar duba data da hukumar NCC ta haɗe wa dukkan layuka, kuma kada ka tsaya kan adadi, duba irin datar. Akwai wadda aka ware wa WhatsApp da Facebook kaɗai. Da ita saƙo zai shiga, hira za ta tafi, amma burauza ta kafe, kai kuma ka rantse kana da data.

In data na nan, tambayi na kusa da kai mai irin layinka. Idan nasa ma ya tsaya, ajiye wayar, ba laifinta ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna suka jigata a faɗin Najeriya. Babu mai gyara a Barnawa da zai iya ɗinke wannan. Haka lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse sabis a wasu sassan Kaduna a ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. In kuma naka ne kaɗai ya tsaya, sa wayar a yanayin jirgi na ɗan lokaci ka cire, domin ta sake kama turken sabis.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne agogo. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana nuna wa burauza takardar shaida, mai ranar farawa da ranar ƙarewa kamar lasisin tuƙi. Burauza na gwada waɗannan ranaku da agogon na'urarka. Idan agogon ya koma shekarun baya, sai ta ga takardar ba ta ma fara aiki ba, ta tare hanya da gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro. Tsofaffin kwamfutocin tebur, irin waɗanda suka cika kafe-kafe da wuraren buga takardu, sun fi fama da wannan. A cikinsu akwai ɗan batir mai siffar kwabo, CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe na'ura. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya rikice, kuma mun san yadda wuta take a nan. Gyara ranar da hannu, sannan ka sauya batirin. Amma idan agogo daidai yake kuma gargaɗin bai tafi ba, kada ka tsallake shi, balle a shafin banki.

Sai VPN. Da aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a da dama sun saba da VPN, wasu har yau ba su rabu da ita ba. Tana bi da duk zirga-zirgarka ta wata na'ura a ƙasar waje, in waccan ta mutu kai ma ka tsaya. Kashe ta ka gwada.

Idan shafi ɗaya ne kawai ya ƙi, ko ya buɗe a hargitse, buɗe shi a Incognito. In ya yi a can, tarkacen da burauza ta ajiye ne suka tsufa, sai ka share su a saiti. Ka dai tabbata kana tune da kalmomin sirrinka, domin wasu shafukan za su sake tambaya. Opera Mini na tsimin data ta hanyar matse shafi a na'urorinta kafin ya iso gare ka, shi ya sa fom ɗin rajista da na biyan kuɗi kan ƙi tafiya a cikinta. Koma Chrome ko Firefox. Shafin rajistar jarrabawa kuwa, idan ranar rufewa ta matso, cunkoso ne ke danne shi. Gwada bayan sallar asuba.