Ruwan Da Ba A Yi A Garinku Ba: Yadda Mutanen Ndar Ke Jiran Ambaliya

A darasin labarin ƙasa mukan tambayi yara mu ce, shin gari zai iya nutsewa a ruwa alhali kuwa rana na haske, babu ko alamar hadari a sama? Yawancinsu sai su yi dariya su ce a'a. To, wannan abu yana faruwa, kuma mutanen birnin Ndar na ƙasar Senigal, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna San Luwi, sun fi kowa saninsa. A wannan wata za mu leƙa can mu ga yadda ake hasashen ruwan sama da iska da cikar kogi a ƙarshen damina, da kuma abin da ya biyo baya ran da hukuma ta yi gaggawar tare ambaliya.

Shi dai Ndar yana gaɓar teku ne a arewacin Senigal, dab da iyakar Muritaniya. Faransawa suka kafa shi a 1659 a kan wani tsibiri da ke tsakiyar Kogin Senigal, kuma shi ne babban birnin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka mallaka har zuwa 1902. Yamma da tsibirin akwai wani siririn tudun yashi mai tsawon gaske da ake kira Lang de Barbari, wanda ya raba kogi da teku. A kan wannan yashi unguwar masunta ta Get Ndar take, mutane cunkushe, kogi a gabas, teku a yamma. Ruwan saman da ake samu a birnin bai taka kara ya karya ba, bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, yawancinsa kuwa a watannin Agusta da Satumba yake sauka. Ruwan da ke ba su tsoro daga nesa yake zuwa.

Tushen kogin yana duwatsun Futa Jalon na ƙasar Gini, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga can Kogin Bafin yake gangarowa ya haɗu da Bakoyi a garin Bafulabe na Mali, sa'an nan Kogin Faleme ya shigo kafin a kai garin Bakel. Daga Bakel zuwa Ndar tafiyar wajen kilomita 800 ce, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwan a hankali yake tafiya, yana malala cikin fadamu. Cikar da aka gani a Bakel a watan Satumba sai ta yi makonni kafin ta iso Ndar, galibi a watan Oktoba, lokacin da damina ta riga ta yi sallama. Wannan jinkiri shi ne jarin masu hasashe, domin wanda ya san abin da ke Bakel yau ya san abin da ke tafe.

Hasashen nan hawa uku ne. Na farko shi ne na damina ɗungurungum. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, masana yanayi da masana koguna na ƙasashen Sahel sukan taru a ƙarƙashin jagorancin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tare da cibiyar ACMAD da ita ma take Yamai. An fara irin wannan taro tun 1998. Abin da suka fi dubawa shi ne ɗumin ruwan tekun Atlantika da na Pasifik, domin shi ke ƙara wa iskar damina ƙarfi ko ya rage mata. Ba su cewa za a yi ruwa ran kaza a gari kaza. Abin da sukan faɗa shi ne, a bana an fi sa ran ruwa ya ɗara na kullum, ko ya yi daidai, ko ya gaza, haka kuma ga cikar manyan koguna. Wannan sanarwa ta shafi Senigal, ta shafi Nijar da arewacin Nijeriya, har da arewacin ƙasarmu Gana, domin duk iskar damina guda ce.

Hawa na biyu shi ne na kwana ɗaya zuwa uku, wanda a Senigal hukumar ANACIM ke yi. Kamar yadda muka sani, iska biyu ke ja-in-ja a kanmu, watau busasshiyar iskar hunturu daga hamada da kuma danshin da ke tasowa daga teku. A watan Agusta danshin yake kaiwa iyakar tafiyarsa arewa, shi ya sa lokacin ne Ndar take samun nata rabo. Hadarin kuwa daga gabas yake haɗuwa ya doshi yamma, bayan kowane kwana 3 zuwa 5 sai wani ya biyo bayan wani, kuma iska mai ƙura ce ke riga ruwan isowa. Hotunan taurarin ɗan'adam na Meteosat suna nuna hadarin tun yana kan Mali, sai ma'aikata su auna saurinsa su faɗi lokacin da zai kai gaɓar teku. Wasu daga cikin waɗannan hadura in sun faɗa teku suka wuce tsibiran Kef Bad, su ne ke rikiɗa su zama guguwar da ke ɓarna a Amurka.

Ga masuncin Get Ndar wannan hasashe batun rai ne, domin kwalekwalen katako ba ya jure iskar da ta same shi a tsakiyar teku. Saboda haka ana aika gargaɗi ta rediyo da saƙon waya, a wuraren sauke kifi kuma akan kafa tuta: kore in teku lafiya, rawaya in sai an yi hattara, ja in ba a son kowa ya fita. Amma mai iyali da bai kama kome ba jiya, ja ko ba ja ba, wani lokaci yunwa ke yanke masa shawara.

Hawa na uku shi ne awon kogin kansa. A manyan garuruwan bakin kogi akwai ma'auni da aka kafa cikin ruwa, ana karanta shi kullum a aika wa hukuma. Kowane gari da iyakarsa: in ruwa ya kai mita 10 a Bakel, ko mita 8 a Matam, ko mita 5 a Podor, ko mita 1.75 a Ndar, to an shiga haɗari. Ƙungiyar OMVS, wadda Mali da Muritaniya da Senigal suka kafa a 1972, Gini kuma ta shiga a 2006, ita ke kula da madatsun ruwa. Akwai ta Manantali a Mali da aka gama a 1988, da ta Diyama kusa da Ndar da aka gama a 1986 don hana ruwan gishiri hawa kogi. Sai dai Manantali Bafin kaɗai take tarewa, Bakoyi da Faleme kuwa kai tsaye suke zubowa, in kuma ta cika dole a saki ruwa. Haka aka yi a watan Oktoba na 2024, inda ruwa ya haura iyaka a Bakel da Matam, ya raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu.

Yanzu bari mu koma 2003. A shekarar an yi damina mai ƙarfi, awo ya nuna ruwa na ta hawa, unguwannin Ndar sun fara cika, ga wani kuma yana tafe. A lokacin bakin kogin yana can kudu da nisan kusan kilomita 30, ruwa ba ya samun fita da sauri. Sai hukuma ta yanke shawarar a tsaga tudun yashin nan. A farkon Oktoba aka haƙa wata hanya mai faɗin mita 4 kacal, wajen kilomita 7 kudu da birnin. Cikin 'yan kwanaki ruwa ya ja, jama'a suka yi ta murna.

Ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Teku ta kama cin bakin tsagar, mita 4 ta zama ɗaruruwa, daga baya ta zama kilomitoci. Raƙuman ruwa suka shiga inda a da yashi ke karewa, suka cinye ƙauyen Dun Baba Jey har mutanensa suka tashi. Gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasa na yankin Ganjol. Masunta kuwa suka mai da tsagar hanyar fita teku saboda ta fi kusa, alhali nan ne ruwan kogi da na teku ke karo, kuma ɗaruruwansu sun rasa rayukansu a wurin cikin shekarun da suka biyo baya. Awon kogi bai yi ƙarya ba. Abin da aka rasa shi ne lissafin abin da teku za ta yi bayan an buɗe mata ƙofa.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu da ke noma a bakin Farin Bolta sun san cewa yawancin shekaru a watan Agusta ko Satumba akan saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, hukumar NADMO kuma takan yi shela kafin ya iso. A 2023 da aka saki ruwan Akosombo, garin Mepe ya nutse, shi ma ba don ruwan da aka yi a kansa ba. Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da malaman makarantu, duk lokacin da aka ba da irin wannan sanarwa a rediyo da Turanci, a fassara ta da Hausa a kai ta kasuwa da tasha da gidaje. Mai gona a fadama ya kwashe abin da ya nuna, mai dabbobi ya kora su tudu, a ɗaure takardun makaranta da na asibiti cikin leda a rataye sama. Kada wani ya ɗaga kai ya ga sama garau ya ce ai babu kome. Allah ya kai mu kaka lafiya.