Idan Kare ko Kyanwa Suka Kamu da Tari

Kare yakan yi busasshen tari kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, musamman inda aka tara karnuka wuri guda. Sau da yawa bakteriyar Bordetella ce sanadi, tare da ƙwayoyin bairas. Galibi yakan warke cikin mako 1 zuwa 3, amma in zazzaɓi ya shigo ko ciwon ya gangara huhu, likitan dabbobi yakan ba da doksisaikilin.

Kyanwa kuwa har asma take yi. Sai ta durƙusa, ta miƙa wuya, tana tari tana haki. Akan ba ta firedinisolon don rage kumburin hanyoyin numfashi, ko a shaƙa mata magani ta bututu mai rufe hanci da baki. In ta haɗiye ƙwayar doksisaikilin, lallai a bi ta da ruwa, don ƙwayar tana iya maƙalewa ta yi mata gyambo a maƙoshi.

Maganin mutane ne babban haɗari. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Zomo kuma amoksisilin na sha yana kashe masa ƙwayoyin hanji masu amfani, har gudawa ta halaka shi.