Kuɗin Gadin Teku da Farashin Buhu

 Wasu 'yan'uwa sun tambaye mu nan Badariya, suna cewa: mu da ke auna shinkafa da gero, mi ya haɗa mu da kuɗin da gwamnati ke kashewa wajen tsaron teku? To, ga bayani.

Ku sani, wani sashe na kayan haɗa takin zamani daga ƙetare yake zuwa, kamar fosfet na ƙasar Maroko. Haka alkama da injinan ban ruwa da kayan gyaran injin casa. A tashoshin jiragen ruwa irin Apapa da Tin Can na Legas ake sauke su. Duk ƙarin da anka yi wa jirgi can, sai ya biyo mota har ya iske manomin fadama. In taki ya yi tsada, buhun shanshera ya tashi.

Ga yadda ƙarin ke shigowa. A Landan akwai kwamitin masu inshora da ke rubuta sunayen ruwayen da ke da hatsari. Jirgin da zai shiga irin wannan ruwa sai ya biya ƙarin kuɗin inshora, mai jirgi kuma ya ɗora shi bisa kuɗin dako. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a duniya duka, 130 daga cikinsu a mashigin tekun Gini, wato gaɓar da Nijeriya take.

To, kuɗin tsaro ba su isar kowa. Don haka wasu gwamnatoci ke raba su gwargwadon hatsari, ba raba-daidai ba. Mu ma haka muke yi a kasuwa: ba a ba teburin goro maigadi biyu a bar siton buhu 500 da kwaɗo ɗaya. Abu uku ake dubawa. Na ɗaya, wa ke hakon wurin? Na biyu, ina kafar da ɓarawo ka iya bi? Na uku, in ɓarna ta auku, mi za a rasa?

Amurka ta soma ba tashoshinta tallafi irin wanga a 2002, bayan harin Satumba 2001. A 2023 ta ware dala miliyan 100. Tasha kan rubuto buƙatarta, a auna hatsarinta, sa'an nan a ba ta, kuma galibi sai ta sa kashi 25 cikin 100 daga nata aljihu. Wanda ya zuba nasa ba ya wasa da kaya.

Nan gida an kafa dokar hukunta 'yan fashin teku a 2019. Ran 10 ga Yuni 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue a Legas, ƙarƙashin hukumar NIMASA, kan dala miliyan 195, da jiragen sintiri masu gudu 17 da jirage masu saukar ungulu 3. Fashi ya ragu ƙwarai bayan haka. Amma NIMASA ta yi shekaru tana kuka cewa masu inshora ba su janye ƙarinsu ba. Kun dai san halin kasuwa, hawan farashi ya fi saukarsa sauri.

Saura namu ruwa. Mako biyu kafin wancan biki, ran 26 ga Mayu 2021, jirgi ya kife a kogin Kwara kusa da Warra, ƙasar Ngaski, ɗauke da fiye da mutum 150, da yawansu 'yan cin kasuwa. Kaɗan anka ceto. Hukumar NIWA, wadda anka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin kula da kogunan cikin ƙasa.

Mu dai ga namu gani, in ana awo da mudun hatsari, a auna mashigan Yawuri da Warra da Dole Kaina da shi. A nan ba ɗan fashi ne babban abin tsoro ba. Lodi fiye da kima ne, da tafiyar dare, da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar ceto. Abin da za a rasa kuwa rai ne.

Kuɗin da ake rabawa bisa hatsari suna bin wanda ya kawo shaida a rubuce. Saboda haka muna roƙon shugabannin kasuwa da sarakunan jirgi su aje littafi a kowace mashiga: jirgi nawa ya tashi ranar kasuwa, mutum nawa, buhu nawa, hatsari nawa ya auku. Da wanga littafi za a je wurin hukuma. Kai kuma dillali, kada ka cika wa jirgi buhu don ragin dako, kada ka bari a tashi da kayanka bayan magariba.

Allah shi kiyaye mu da dukiyarmu. Wassalam.