Filogi ya yi tsalle a hanyar Falgore



Duk wanda ya saba bin hanyar Jos, daga Kwanar Ɗangora ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, ya san lodin masara da shinkafar da a-kori-kura ke sha da kaka. Manyan motoci masu shan gas ba ruwansu da filogi. Maganarmu ta yau ta masu fetur ce.

Ana cikin tafiya sai ka ji fau! Injin ya kama fat-fat-fat, ƙarfi ya tafi. Ka buɗe bonet, ga filogi yana lilo a jikin wayarsa. Zaren raminsa ya cinye.

Filogi ƙarfe ne, kan injin kuwa a yawancin motocin nan alminiyom ne, mai laushi. In aka kwance filogi injin na da zafi, ko aka sa shi a karkace aka bi shi da sifana da ƙarfin tsiya, alminiyom ɗin ne zai ci wuya. Sau da yawa yaron gareji ne ke ɗaurin, gudun kada maigida ya ce bai ɗauru ba. Ni dai ban ga laifinsa ba, tunda ba a nuna masa ba.

Direbobi, don Allah a daina naɗa waya ko shafa gam a tura. Wurin nan wuta ke tashi a cikinsa, ba zai riƙe ba, kuma Falgore ba wurin kwana ba ne.

Gyaran gaskiya shi ne a faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a ɗaura zoben ƙarfe irin Helicoil, mai awon filogin, galibi milimita 14. Bakaniken da ya san aikinsa zai shafe abin yankan da giris don ya kama ɓarɓashi, yana fitarwa yana gogewa, sannan ya hure ramin da iska. Ɓarɓashin nan in ya zube kan fistan, zai iya karce silinda. In ramin ya lalace sosai, sai a sauke kan injin a kai Ƙofar Ruwa, a Kano.

Wajen mayarwa kuma, a bari injin ya huce, a fara da yatsu. In ya cije tun zagayen farko, a warware a sake. Sai ya zauna daram sannan a kawo sifana, a ƙara kamar rabin zagaye in filogin sabo ne.

Allah ya kai mu lafiya.