Zafin da ke Tashi Cikin Tarin Amfanin Gona: Misali daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk manomin ƙasar Funtuwa da Malumfashi da ya taɓa cusa hannu cikin jujin taki bayan saukar ruwan farko, ko cikin tarin audugar da aka tsinka da raɓa, ya san ɗumin da muke nufin yin bayani a kansa cikin wannan takarda. Ba rana ce ke kawo shi ba, don kuwa ko da asuba tsakiyar tarin ta fi bayansa zafi.

Asalin al'amarin shi ne, tsiro yana tara ƙarfin hasken rana cikin sukari da sitaci da mai. Idan waɗannan sinadarai suka haɗu da iskar oksijin, sai ƙwayoyin zarrarsu su rabu su sake ƙulluwa, su zama ruwa da iskar kabon. Kwance tsohon ƙulli yana cin ƙarfi, amma sabon ƙullin yana sakin fiye da abin da aka ci. Rarar ita ce zafi. Giram 1 na sukari yakan ba da kimanin kilojul 16, ko wuta ta ƙone shi nan take, ko ƙananan halittu suka cinye shi sannu a hankali. Tun wajen 1783 Labuwaziye da Laplas suka gwada a Faransa cewa numfashi ƙuna ne marar harshen wuta.

To, a juji wannan alheri ne: zafin kan kai digiri 60 zuwa 70, ya kashe yawancin irin ciyawa. A rumbu kuwa hasara ce. Masara, wadda nomanta ya bunƙasa a yankin bayan kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975, idan aka zuba ta da danshin da ya wuce kashi 13 ko 14 cikin ɗari, ƙwayar za ta yi ta numfashi, hunhuna ma haka. Ruwan da ke fitowa ya ƙara danshi, zafin ya ƙara wa aikin sauri, watau abin yana ciyar da kansa. Angurya ta fi haɗari saboda man da ke cikinta, ga kuma auduga mai riƙe zafi kamar bargo. Irin yakan mutu tun ba a ga hayaƙi ba, babban tari kuma yana iya kamawa da wuta ba wanda ya ƙyasta ashana.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan maƙiyi. A ganinmu gara malamin gona ya koya wa manomi soka sandar ƙarfe cikin tari, ya zare ta bayan ɗan lokaci ya taɓa. In ta yi ɗumi, a baje tarin ya sha iska; in kuwa har an ji ƙauri, kada a buɗe shi sai an tanadi ruwa, domin shigar iska ce ke tayar da wutar.